Uwar Iri

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarmu da 'yata Shalele. Yaya aiki, yaya kuma haƙuri da mu? Mu nan lafiya lau, in ban da zafin bazara da ya sa kaji suke yawo baki buɗe.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direba maimakon kira. Ka san sai na hau tudu waya take kamawa, kuma idon Baba ne ya tafi, kunnensa yana nan daram. Ranar da na yi maka ƙorafin gwiwarsa daga can saman tudu, ban san iskar da ta kai masa ba, ina dawowa ya tambaye ni wa ya aike ni tallar ciwonsa. Takarda kuwa ba ta da murya, shi ya sa na koma mata.

Na sami saƙonka cewa matarmu ta ware mini keken ɗinki a shagonta, kuma ɗakin da ke kusa da naku zai zama namu ni da Baba bayan kaka. Wallahi na ji daɗi har na rasa inda zan sa kaina. Tun da mahaifin Shalele ya rasu na dawo gidan nan, na miƙa maka ita saboda makaranta, ban sake ganinta ba sai a hoto. An ce ta kusa kamo ni tsawo. Wannan ba abin fahariya ba ne, ka ce mata ta ƙara himma.

Na gaya wa Baba maganar, har da batun likitan da zai cire masa yanar ido. Bai ce a'a ba, abin da ya ba ni mamaki. Amma ya kafa sharaɗi, kuma ka san sharaɗin ba zai wuce Tsohuwa ba. Kai da ba ka san gona ba sai wajen shan kara, bari in tuna maka. Tsohuwa ita ce jar dawarmu, doguwar nan mai sunkuyar da kai, wadda ya gada daga mahaifinsa. Ba ta da gaggawa, sai ta sha damina daga farko har ƙarshe take nuna, amma in ta nuna ko ƙwaro ba ya kusantarta a rumbu. Kashi uku yake raba irinta. Kashi ɗaya na shukar fari, kashi ɗaya na sake shuka in ta farko ta ƙi, na uku kuma uwar iri, wadda ke cikin tukunyar ƙasa a ƙarƙashin gadonsa, an cakuɗa ta da toka an liƙe bakin da yumɓu. A ƙa'ida duk kaka yakan shiga gona da kansa ya zaɓi zangarniyar da ta fi kowace cika, ya juye tsohuwar uwar iri ya zuba sabuwa.

To, shekarun nan bai sabunta ta ba. Ruwa yana zuwa a makare ya ɗauke da wuri, zafi ya busar da bununi, zangarniya ta fito kamar wutsiyar ɓera, rabinta ƙaiƙayi. Rumbun da muke cikawa har mu ara na maƙwabta, bara ko cibiyarsa ba mu kai ba. Duk shekara sai ya shiga gona ya laluba, ya fito hannu rabbana, wai ba zai zuba yunwa a tukunyar ubansa ba. Iri mai kyau yana ciki, a bar shi har shekara mai kyau ta zo. Na ce Baba, iri ma yana tsufa. Ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Ga sharaɗin. In bana Allah ya ba da damina, ya zaɓi zangarniya ya cika tukunya da sabon iri, zai danƙa ta a hannun maƙerin da ke maƙwabtaka da mu, ya ci gaba da shukawa, shi kuma ya biyo ni mu taho. In ba haka ba ko da ƙugiya ba mai fitar da shi daga kwarin nan. Ka ga ke nan tafiyata tana cikin tukunya a ƙarƙashin gado. Ka taya mu addu'ar ruwa, irin mai hankali.

Ka gaishe da matarmu, ka ce ta riƙa ɗiga wa kekena mai. Ka ja wa Shalele kunne a kan karatu.

Yayarka,
Gajeriya

*

Ƙanena Auta,

Sallama da gaisuwa irin ta 'yan'uwa. Da fatan kuna lafiya, Shalele kuma ta warke daga murar da ka ce. Maganin gwiwa ya iso, Allah ya saka da alheri. Baba ya shafa ya ce ba ya aiki, amma kullum sai ya tambayi inda na ajiye shi.

Na so in rubuto maka labari mai daɗi. Ba ni da shi.

Ka san Baba ba ya sauraron rediyo a kan ruwa. Alamominsa uku ne: babbar bishiyar bakin rafi ta yi sabon ganye, tururuwa su fara kwashe ƙwai zuwa tudu, gwiwarsa ta hagu ta yi tsami. Bana duk ukun suka haɗa baki. Aka yi ruwa mai kyau, ƙasa ta jiƙu har kamu guda, ya ce a fita. Malamin gona ya bi gida-gida yana cewa a dakata, wannan ba ruwan shuka ba ne, akwai tsaiko a bayansa. Baba ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na yi shiru, don ba ladabi ba ne a tuna wa mutum cewa ko ƙofar ɗakinsa da lalube yake samu.

Gaskiya ni ma na so a shuka. Duk ranar da aka jinkirta, tafiyata ce take jinkirta. Na ɗauki sungumi ina sara, matar maƙeri tana bina tana jefa iri, muka gama tamu muka koma tasu. Tsiro ya fito gwanin sha'awa. Daga nan sama ta wanke fuska ta yi tas. Kullum hadari ya haɗu a bayan duwatsu, ya yi ta gurnani, sai iska ta kwashe shi ta kai wa wasu. Ina kallo ganye ya naɗe, ya yi fari, ya kwanta. Ƙasar kwarin nan ka san ba ta da kauri, yashi ne a kan dutse, rana biyu ta isa ta shanye abin da ke cikinta. Da can fadama takan riƙe danshi ta turo mana, yanzu fadamar har ƙwallo yara suke bugawa a cikinta.

Da ruwa ya dawo muka fitar da kashi na biyu. Wannan karon ba fari ne ya ci mu ba. Ruwan wata guda ne ya sauko a yini ɗaya. Tun da aka sare itatuwan gangaren tudu ba abin da ke tare shi, ya taho da jan laka da duwatsu ya bi ta tsakiyar gonar, ya kwashe kunya da iri har da rabin shingen. Ya bar mana rami mai zurfin da in na shiga ba za ka hango ɗankwalina ba. Na san za ka ce wannan ba wani zurfi ba ne. Ka yi dariyarka, ni na riga na yi kukana.

Malamin gona ya dawo da wani iri a leda, fari, gajere, wai ba ya daɗewa yake nuna, ko damina ta gajarta zai kai. Mutumin kirki ne, har tsugunawa ya yi ya gaida Baba. Baba ya ɗebi irin ya murza, ya sansana, ya tauna ƙwaya ɗaya ya tofar. Ya ce wannan abincin kaji ne, kuma gidansa gajere ɗaya ya ishe shi. Kowa ya yi dariya har da ni. Da malamin zai tafi ya ajiye ledar a bakin ƙofa kamar ya manta, ni kuma na ɗauke ta na sa a cikin kwandon tsummokarana kamar ban gani ba.

Yanzu saura tukunya. Tun da nake ban taɓa ganin an fasa bakinta don shuka ba. Baba ya daina cin abinci sosai, yana zaune a bakin gado ƙafarsa tana taɓa ta. Ni kuma in na dubi duwatsun nan da suka kewaye mu sai in ga kamar sun ƙara matsowa. Hanya ɗaya ce take fita daga kwarin nan, kullum ina ganin mota tana binta, ban taɓa jin ta yi mini nisa kamar bana ba.

Kada ka gaya wa Shalele komai. Ka ce mata ana ta aiki.

Taka,
Gajeriya

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku baki ɗaya. Ina fata kowa lafiya. Wannan takardar ka karanta kai kaɗai, ko matarmu kada ta gani tukuna.

An buɗe tukunya. Baba da kansa ya ƙwanƙwashe yumɓun da ƙotar wuƙa, ya tura hannu har gwiwar hannu, ya daɗe bai fito da shi ba. Irin yana nan jawur, ba ƙwaro ko ɗaya, ka rantse jiya aka sussuka shi. Na ce ya bari in jiƙa kaɗan a tsumma mu gani ko zai tsira kafin mu zuba shi duka a ƙasa. Ransa ya ɓaci. Wai uwa ake gwadawa? Wai in na ga dama in gwada shi ma in ga ko shi ne ubana. Na ba shi haƙuri. Amma da nake sheƙe tokar, na ƙulle cikin tafi ɗaya a bakin zanena.

Muka shuka ta duka, a ɓangaren da zaizaya ta bari. Ruwa kuwa ya yi mana adalci, yana zuwa a kan kari, ba yawa ba kaɗan. Gonar maƙeri ta yi kore. Ciyawa ta fito a tamu har tana rige-rige. Tsohuwa shiru. Na riƙa tona rami ina dubawa, sai in tarar da ƙwaya ta kumbura ta ruɓe, in ka matsa ta fashe da wari. Shekarun da ta yi a rufe, ga zafin da ɗakin kwano yake ɗauka yanzu, sun kashe ta tun tana cikin toka. Duk shekarun da Baba yake kwana a kanta yana gadi, gawa yake gadi. Na zauna a kan kunya na yi kuka mai isata, rabi don shi, rabi don kaina, ba zan ɓoye maka ba.

Wanda na ƙulle a zane na shimfiɗa shi a jiƙaƙƙen tsumma na rufe da ƙwarya. Cikin tafi guda, abin da ya fitar da farin baki bai cika yatsun hannu biyu ba. Na rasa inda zan kai su. Gona akwai awaki da tsuntsaye, tsakar gida akwai kaji da kunnen Baba. Sai na dasa su a bayan makewayi, inda ruwan wanka yake fita, na kewaye su da ƙaya. Ban sa rai ba. Na dasa ne don hannuna ya ƙi zubarwa.

Ga abin da ya sa na ce ka karanta kai kaɗai. Gwiwar Baba ta kumbura tun ranar shuka, ba ya iya zuwa gona, ni yake tambaya. Ya tambaya na ce tukuna. Ya sake tambaya na ce tukuna. Rana ta uku da na ga yadda ya ɗago fuska yana jiran amsa, sai na ji bakina ya ce ta fara fitowa. Washegari na ɗauki ledar malamin gona na bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya na zuba. Matar maƙeri ta gan ni, ta ɗaura zane ta taya ni, ba ta tambaye ni komai ba.

Abincin kajin nan kuwa ba shi da kunya, nan da nan ya tsiro. Na tsinko ganye ɗaya na kawo wa Baba. Ƙaramin ganye duk ɗaya ne a hannu. Ya shafa shi a kumatu, ya ce ba ya gaya mini ba? Ranar ya cinye abincinsa tas har ya nemi ƙari, ya kira maƙeri ta kan katanga yana yi masa kirarin Tsohuwa. Maƙeri ya amsa da to, to, madalla. Ashe duk unguwa an sani, shi kaɗai ne bai sani ba.

Yanzu gaba kura baya sayaki. In na faɗa masa gaskiya ban san abin da zai same shi ba. In na yi shiru, dawa ba ta iya ƙarya, ranar da ta fitar da kai za ta tona ni. Da ban shuka komai ba kuma, me za mu ci? Ka gaya mini abin da za ka yi in kai ne, ko da yake na san za ka ce in bi a hankali, maganar da ba ta taɓa cika rumbu ba.

Ka sumbaci Shalele a goshi, in ta yarda, tun da an ce yanzu ta zama budurwar kanta.

Yayarka,
Gajeriya

*

Ɗan'uwana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku. Direba yana sauri, don haka ba zan tsawaita ba.

Na ga amsarka. Ka ce in bi a hankali. Na gode.

Su maƙeri sun tashi. Ɗansu ya aiko da mota ta kwashe su da uwar maƙera da zugazugai da komai. Maƙeri ya ce ba wanda ke kawo gyaran fartanya, masu fartanyar duk sun tafi. Gonarsu sun bar wa mai awaki ya ci karan. Da matar maƙeri ta zo sallama ta rungume ni ta ce in yi ta kaina. Da yamma Baba ya ce ba laifi, in iri ya yi kyau masu karɓa ba za su yi wuya ba. Na bi gidajen layinmu a zuci, na ga ƙofofin da ke da kwado sun fi waɗanda ke buɗe.

Gona ta yi ciki, wasu ma sun fitar da kai, tsawonsu iya ƙirjina. Tsohuwa a wannan lokaci ko tunanin ciki ba ta fara ba. Kullum Baba yana tambayata ta kai ina, ni kuma ina ɗaga hannu sama ina kwatanta masa tsawon da babu shi. Ƙarya aiki ce, Auta, ta fi noma gajiyarwa. Ruwa kuma ya fara ja da baya tun yanzu, hadari yana haɗuwa ba ya zuba.

Na bayan makewayi suna nan. Biyu sun mutu, sauran sun wuce katanga, kara kamar damtsen yaro. In na je zuba musu ruwan wanke-wanke ba na son kallonsu da yawa.

Kumburin gwiwa ya sauka. Ya ce da zarar an ce ƙwaya ta yi ƙarfi, a nemo masa amalanke a kai shi gona, shi zai zaɓi zangarniya da hannunsa. Ka roƙar mini matarmu ta ƙara haƙuri da keken. Na san akwai mai so, na san shago ba ya jira. Ta ba ni zuwa ƙarshen kaka.

Taka har kullum,
Gajeriya

*

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da matarmu, da 'yata. Allah ya bar zumunci. Ka zauna kafin ka karanta, kuma kada ka yi fushi sai ka kai ƙarshe.

An kai Baba gona. Ni na tura amalanken da kaina, don ba na son kowa ya tsaya a wurin. Ya sa farar rigarsa, ya riƙe wuƙar yankan zangarniya da buhu a cinya, yana ta ba ni labarin shekarar da Tsohuwa ta yi tsawon da sai da aka tanƙwaro ta da ƙugiya. Da muka isa na sauke shi na kama hannunsa muka shiga. Ya ɗaga hannu sama yadda ya saba, inda kan dawa ya kamata ya kasance. Hannun ya kama iska. Ya sake lalubawa. Sannan ya sauke shi a hankali har ya ci karo da zangarniya a daidai ƙirjinsa, tsaye ƙyam, ba ta sunkuya ba.

Ya murza ta, ya kai ƙwaya baki. Wannan karon bai tofar ba, haɗiyewa ya yi. Na fara magana ya ɗaga mini hannu. Tambaya ɗaya ya yi, ko ɗaya ba ta fito ba? Na ce a gonar nan ko ɗaya. Sai ya ce abincin kajin ya yi ƙwaya, a yanke shi kafin tsuntsaye su riga mu. Ya miƙo mini wuƙar ta wajen ƙota. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

A hanyar dawowa ya ce in rubuta maka ka turo mota. Ya ce shi ya kashe ta da hannunsa, garin jiran shekara mai kyau, kuma wanda ba shi da iri ba shi da abin tsaro. Auta, ka ji abin da na shekara ina roƙon Allah, ga shi an ba ni a kan amalanke. Ba zan yi maka ƙarya ba, farin ciki ne ya fara zuwa mini kafin tausayi.

Na girbe gajeren, ya ba mu abin da zai kai mu wani lokaci, ya fi na bara nesa ba kusa ba. Na wanke kaya na ɗaure. Na sayar da kaji. Na cire labule. Har rigar da na yanka wa Shalele na ninke a saman akwati don in fara ciro ta. Baba kuwa ya zama abin tausayi. Ba ya musu, ba ya faɗa, in na ba shi magani ya shafa ba ƙorafi. Ya fitar da tukunyar daga ƙarƙashin gado ya kife ta a tsakar gida, ya ce in ba wa duk mai so ya zuba wa awaki ruwa. Mutumin da ke jin maganata daga saman tudu, yanzu sai na kira shi sau biyu yake amsawa.

Duk wannan lokaci na bayan makewayi suna tsaye. Sun yi ciki, ɗaya ta fara leƙo da kai. Ruwan sama ya ɗauke gaba ɗaya, ruwan wankanmu ne kawai yake riƙe da su. Na san lissafin sarai. In na yi shiru, mota ta zo, mu tafi, su bushe a bayanmu, ba wanda zai taɓa sani sai ni da kai. In na faɗa, sai an ba su ruwa har sanyi ya shigo kafin su nuna. Abin da za su bayar ba zai wuce cikin ƙwarya ba. Cikin ƙwarya kuma ba uwar iri ba ce, sai an shuka shi baɗi ya zama kwano, a sake shukawa ya zama abin zubawa a tukunya, in damina ta yarda, ita da ba ta yarda da kowa yanzu. Kuma ba maƙeri, ba kowa. Na yi niyyar yin shiru. Na rantse maka na yi niyya, har na daina zuba musu ruwa na yini biyu.

Shekaranjiya da hantsi na fito da akwati na tarar da shi zaune kusa da kifaffiyar tukunyar, ya ɗora tafin hannu a kanta, fuskarsa tana kallon inda ba komai. Na ajiye akwatin. Na kama hannun nan na ce ya taso zan nuna masa wani abu. Muna tafiya ina ce wa kaina ki sake shi, ki ce kin fasa. Na janye ƙayar na ɗora hannunsa a kan kara.

Ya bi shi da yatsu gaɓa bayan gaɓa, yana hawa, har hannunsa ya miƙe iya tsawonsa bai kai kan ba. Ya ɓantari ɓawon karan da farce ya lasa. Sai ya zauna daɓas a cikin caɓin makwarara da farar rigarsa, ya rungume karan yana kuka kamar yaro, yana cewa sannu, sannu da zuwa. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar da Inna ta rasu. Da ya natsa, abin da ya fara faɗa shi ne ganyen ya yi laushi, wane sakarai ne yake barinta da ƙishi? Ya ce in kawo ruwa maza. Muryarsa ta dawo, har da faɗan.

Daga baya ya ce ni in tafi, shi zai zauna da ita. Mutumin da ba ya ganin bakin rijiya. Na ce ya bari kawai. Na sha yi masa dariya a kan tukunyar nan, na sha kai ƙararsa wurinka, yau ga ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Ba wanda ya ɗaure ni, ni na kai hannunsa. Ina jin haushin kaina, ina jin haushinsa, ina jin haushin karan nan, kuma da asuba ni ce nake fara zuwa duba su.

Don haka kada ka turo motar. Ka ba wa matarmu haƙuri, ka ce ta ba mai so keken, na yafe, Allah ya sa masa albarka. Maganar likitan ido, ka tambaya ko zai yiwu a kawo Baba da rani a mayar da shi kafin ruwan fari. Ga rigar Shalele nan a hannun direba. Na bar mata kalmasa mai faɗi a ƙasa, in ta ƙara tsawo a warware. Kada ka ce mata baɗi, na gaji da yi wa mutane alkawarin damina. Ka ce mata uwarta tana sonta, kuma in an yi hutu ka sa ta a mota ta zo in ga tsawon nan da idona.

Abin da nake so ka aiko da shi jarka biyu ne masu murfi, da igiyar guga doguwa. Wadda muke da ita ta daina kaiwa ga ruwa.

Wassalam. Ni ce yayarka,
Gajeriya